Ranar da Na Kori Maruƙa

Daga Kiru har Doguwa, ba a yi wanda ya san sirrin kiwon shanun tatsa kamata ba. Haka na riƙa faɗa a majalisarmu ta Yako, kuma ina da hujja: na kwashe wata biyu cur ina kallon shanun Turai a waya, masu hantsa kamar randa.

Na sayi farfarun shanu huɗu, kowace da maraƙinta. Na yi musu rumfar kwano, na dama siminti a ƙasa, abin da tsakar gidana bai samu ba har yau. Dusa, angurya, harawar wake, kanwa, ba abin da suka nema suka rasa. Maiɗakina ta ce da ta sani da ta zo duniya da ƙaho.

Tatsar ce dai ban iya ba, to amma babban manomi ai ba ya tsugunawa. Sai na samo wata dattijuwar Bafulatana daga rugar bayan gari, muna ce mata Inna. Kullum da hantsi za ta kwance maraƙi ya kama nonon uwarsa, ya yi ta tunkuri, sannan ta janye shi ta ɗaure a gaban uwar, ta tatsa. In ta gama kuma ta bar masa saura. Ni kuwa ina tsaye ina kallon arzikina yana dalala a gemun maraƙi.

Ana haka wani mai haɗa yogot a garin Ƙofa ya ce in zan kawo masa jarka cike kowace safiya har mako guda, a wurina zai riƙa saye duk shekara. Akwai wani makiyayi da ke neman gurbin, amma ni ya fara ba dama, wai don na fi kama da ɗan zamani. Muka auna, jarkata saura kamar yatsa huɗu ta cika. Ba sai an kira masani ba, na san inda yatsa huɗun nan suke tafiya.

"Inna, daga gobe babu maraƙi a wurin tatsa. A Turai ba a haka."

"Alhaji, waɗannan ba su je Turai ba. In ba su ga ɗa ba, ba za su sako ba."

"Sako me? Nono ai yana ciki, ja kawai za ki yi."

Ta dube ni, ta dubi rumfar kwanon, ta ce, "To."

Da la'asar na loda maruƙan a kurkura, na kai su gidan ƙanina a Ɗansoshiya, inda ko kukansu ba za a jiyo ba.

Washegari shanun suka tashi gari da kuka. Hantsa ta cika tam, Inna ta ja, ta ja, abin da ya sauko bai isa shayin mutum biyu ba. Na ce hannunta ne ya tsufa. Na naɗe hannun riga, na ɗauki bokiti, na tsuguna da kaina. Saniyar ba ta ko waiwayo ba, ƙafa ɗaya ta ɗaga. Bokitin ya faɗa bayan katanga, ni kuma na zauna a kan abin da shanu suka ajiye da asuba.

Ban karaya ba, don ilimi ba ya ƙarewa. Na hau babur har Ɗansoshiya, na naɗo kukan maruƙan a waya, na dawo na kara wa babbar saniyar a kunne. Ta shinshina wayar, ta lashe ta da harshe kamar buhu, sannan ta yi mini wani kallo irin wanda malaminmu na allo yake yi wa wanda ya tsallake aya. Nono ko ɗigo. Inna tana zaune a kan ƙwaryarta a kife, tana kallona. Da ma dariya ta yi da ya fi mini sauƙi.

A rana ta uku mai yogot ya kira. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu. Sannan ya ce makiyayin nan ya kawo jarka cike, har da ƙari a galan, kuma shi shanunsa a gindin ɗorawa suke kwana.

Na koma da kurkurar na kwaso maruƙan. Tun kafin mu shigo layi iyayen suka fara tsinka igiya. Inna ta saki na farko, ya yi tunkuri biyu, sai ga nono yana feshi, ƙwarya tana kumfa. Na gyara murya na ce ai dama gwaji nake yi, in tabbatar ko nawa maruƙan suke sata mini.

Ba ta ɗago daga tatsar ba ta ce, "Alhaji, ai nonon nasu ne. Kai ake sam wa."