Hoton Da Ya Ƙi Fita Daga Gidan Ƙyas

Ƙyas ake ce masa. Tun ana wanke hoto a ɗaki mai duhu yake sana'ar, kuma har ya rufe shago bai yarda akwai wani mai hoto a garin ban da shi ba. Sauran duk 'yan latse-latse ne. Ɗan siririn tsoho ne mai taurin kan tsiya, wanda in ka nuna masa hanya sai ya tambaye ka wa ya auna ta. Matarsa ta daɗe da daina musu da shi, sai dai ta bari ya je ya bugo goshi ya dawo.

Da wayar hannu ta kashe masa kasuwa bai zauna zaman makoki ba. Ya samo sikana ta hannu, na'urar kwafe hoto, ya bi tsofaffin hotunan shagonsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba su a kwamfuta, ya ce shafin intanet zai buɗe. Aka ce masa akwai kamfanonin da ke ajiye wa mutane shafi.

"In ba wa wani ajiyar hotunana? Wanda ban san ubansa ba?"

Shi ke nan, tsohuwar kwamfutar shago ta samu sabon muƙami. Ya girke ta a lungun da ke tsakanin firji da teburin guga, ya ce daga nan duniya za ta riƙa zuwa kallo. Matsala ɗaya ce: duk sanda rautar gidan, wato na'urar da ke raba intanet, ta mutu ta tashi, sai kamfanin intanet ya canza masa lambar adireshi. Don haka ya yi rajistar abin da ake kira DDNS, wato suna ɗaya tsayayye, da 'yar manhaja a kwamfutar da ke kai rahoton sabuwar lamba idan ta canza. Wata guda ya yi yana yi wa mutane bayanin wannan, har masu gaishe shi suka fara canza hanya.

A falonsa shafin buɗewa yake kamar ƙiftawar ido. Duk wanda ya ce masa a wajensa ba ya buɗewa, amsa ɗaya ce: "Wayarka ce ta gaji, malam."

Ana nan sai yayansa ya kira daga garin da yake zaune wurin 'yarsa, tafiyar yini biyu. Hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa, likita ya ce ɗan ganin da ya rage ma ba zai daɗe ba. Takarda ya daina ganinta, sai allo mai haske in an buɗa masa abu sosai. Abu ɗaya yake so kafin duhu ya gama rufewa: hoton marigayiya matarsa, wanda Ƙyas ya ɗauka suna sabon aure. Nasa kwafin tuni yoyon rufi ya cinye shi.

"Yaya, wannan ai sha yanzu magani yanzu ne. Ka ce wa 'yarka ta buɗe shafina."

Ta buɗe. Wani lokaci allon ya yi ta juya ɗan da'ira har ya gaji ya ce babu shafin. Wani lokaci kuma hoton ya fara saukowa daga sama, layi-layi, ya kawo ɗankwali, ya taɓo goshi, ya tsaya cak.

"Kai yaron nan," in ji Yaya, ga Ƙyas da furfura ta gama da kansa, "ɗankwali na aura?"

Ran Ƙyas ya ɓaci. Ya fara da kamfanin intanet, ya kira su ya wanke su tas, suka ce daga wajensu lafiya lau. Ya canza waya, ya hure ƙurar kwamfuta, ya zargi firji. Sai wata safiya ya fito daga wanka ya tarar da matarsa ta zare filogin rauta ta soka na dutsen guga, tana goge masa riga hankali kwance.

"Innalillahi! Ke ce ashe! Kullum haka kike yi?"

"Kullum kake sa riga, ai."

Nan ya gano rabin ciwon. Duk gugar da za ta yi, sabuwar lamba ce, ita kuma manhajar ba ta kai rahoto sai ta ga dama, masu zuwa kallo suna can suna ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi. Ya sayo soket mai baki da yawa, ya naɗe filogin rauta da salatif kamar mai karaya, ya saita manhajar ta riƙa kai rahoto a kai a kai. Ya kira Yaya yana hura hanci.

Shafin ya daina ɓata, gaskiya ne. Amma hoton yana nan da halinsa.

"An samu ci gaba," in ji Yaya. "Yau har gira na gani."

'Yar ta karɓi wayar, ta fita tsakar gida, ta rage murya. "Baffa, don Allah ka turo min ta manhajar hira kawai."

"Ta matse min hoto ta mai da shi kamar an tauna? Allah ya kiyaye. Kowace ƙwayar hoton nan sai ya gan ta."

"Baffa, jiya na shiga ɗakinsa bai san ni ba ce sai da na yi magana."

Ƙyas ya kashe wayar. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka binne matar yayan nasa. Ya zura takalmi ya fita ba tare da ya san inda za shi ba, har ya kai bakin titi wajen masu faci. A can, inda intanet ɗin gidansa ba ya kaiwa, ya kunna datar wayarsa ya buɗe shafin, abin da bai taɓa yi ba tunda ya kafa shi. Ɗankwali ya fito. Ya tsaya a rana yana jiran goshi, motoci suna watsa masa hayaƙi.

Wato duk burgar nan da yake yi a falo, hoton bai taɓa fita daga gida ba. Daga lungun firji yake tahowa kujera. Layin intanet ɗin gidan kuwa, hanyar shigowa ce mai faɗi, ta fita 'yar siririya ce, shi kuma ya ɗauki kowane hoto a sikana da girman da za a iya manna shi a jikin bene. Ya dawo ya zayyana wa matarsa wannan, yana jiran ta yi mamaki.

"Au, katifa kake turawa ta taga? To ninke ta mana."

Ya zauna gaban kwamfutar ya rage girman hoton, yana yi yana tsaki kamar ana yanke masa yatsa. Ya ɗora ƙaramin a shafin, ya kira.

"Ku sake buɗewa."

Bai gama rufe baki ba ya ji 'yar ta ce, "Ya fito! Baba, ga ta nan." Ƙyas ya matse wayar a kunne, yana jin numfashin yayansa, yana jin yana cewa a buɗa nan, a ƙara, a matsa ƙasa kaɗan. Yana so ya ba da haƙuri cewa wannan ba shi ne ainihin hoton ba, na gasken ya fi haka kyau nesa.

Can Yaya ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya.

"Ka ga yadda take hararar ka? Ta tsani ka ce mata ta gyara tsayuwa." Ya ja hanci. "Kashe wayar, yaro. Bar ni da matata."