Sarkin Janbaki

A ƙarshen damina ta uku bayan samun 'yancin kai, ranar kasuwar Cake, tsuntsayen janbaki suka sauka a gonar hatsinmu. Shekaruna goma. Baba da yayyena duk suna can gonar nesa wurin cirar gyaɗa, aka bar mini tsaron hatsi ni da kakata Dije, wadda ƙafa ta hana ta nisa. Hatsin nan shi ne tuwonmu na shekara, kuma ya fara ido. Ina ganin garken tsuntsayen ya taso kamar hayaƙi, ya lanƙwasa, ya juya gaba ɗaya, sai na ɗauko majajjawata.

Ni a lissafina, taron da ya kai haka ba ya tafiya babu sarki. Kwana biyu ina auna na gaba da majajjawa, wai in na kayar da shi sauran za su watse. Na kayar da uku, ko gezau. Da sun juya, na baya ya zama na gaba, zangarniya kuwa sai ƙara fari take. Na zauna a kan kunya na yi kuka mai isata.

Kaka ta yi mini dariya son ranta. Ta ce, "Maigida, sarkin wa kaka nema? Kowane na kusa da shi yaka kallo. Tsorata goma, su za su kai ma saƙo." Muka tsinto gwangwanaye, muka zuba tsakuwa, muka jera su a igiyar kaba ta gefen da tsuntsayen suke shigowa. Tana zaune a inuwar gawo tana fizgar igiya. Na gefe suka zabura, na kusa da su suka bi, kafin ƙiftawar ido tsoro ya ratsa garken duka. Rumbunmu bai cika ba a shekarar, amma ya kai mu wata damina.

Na yi shekaru ina koya wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, kimiyya a Tasawa, ina bayyana musu yadda ƙananan abubuwa masu bin doka mai sauƙi suke haifar da babban tsari, a jikin mutum ko a cikin rediyo. Ban taɓa faɗinsa da kyau kamar tsohuwar nan ba, kuma har yau ina kewarta.

Daga baya gonakinmu sun taɓa zama fili fetal, an sare itatuwa kaf. Yanzu gawo ya dawo, don wani ya bar tohonsa bai sare ba, maƙwabcinsa ya gani ya bari. Na daina tambayar wa ya ba da umarni.