Ramukan Yatsu

Mukhtaru direban bas ne a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, jikan Kanawa. Ban da tuƙi, ba abin da ya iya sai bolin, wasan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan katako a kayar da sanduna. Ƙwallo biyu gare shi. Mai kaushi ta safe ce, lokacin da aka shafe katakon da mai, don ita ke kama ƙasa ta lanƙwasa. Mai santsi sai yamma, in man ya bushe.

Ta uku ya saye ta ne don ɗansa Bandar, wanda ya koma Jidda tun rasuwar uwarsa, ba ya kira sai da salla. Mai shago ya ce a kawo shi a auna hannunsa kafin a huda ramukan yatsu.

"Auna nawa," in ji Mukhtaru. "Ɗana ne fa."

Ya gaya mana, mu abokansa, wai don matsakaicin mai ya zaɓe ta. Ni dai ina ganin so yake wani abu nasa ya zauna daidai a jikin ɗan, tunda Hausar ma ba ta zauna a bakinsa ba.

Ran Juma'a Bandar ya zo. Babban yatsansa ya ƙi shiga ramin. Ya murɗa, ya sake murɗawa.

"Ma'alesh, Baba," ya ce, wato a yi haƙuri, sauran maganar ma da Larabci, ya ɗauki ta gidan wasan.

Mukhtaru ya ce ai katakon ya bushe, da ma ba ranarta ba ce. Ya zauna yana kallo, bai yi jifa ko ɗaya ba.