Kurciya Mai Ƙwai Ɗaya

A daminar da Baba ya ƙudura tafiya Malabo, wani birni a ƙetaren teku, neman aikin ɗinki, kakata Dada ta sauya mana wurin tatsuniya. Da can a ɗakinta muke yi. Sai ta koma janyo murhun gawayinta har gindin tagar shagon Baba, a lungunmu na unguwar Briqueterie, tana gasa mana masara bayan magariba, keken ɗinkinsa na ƙara a bayanta.

Baba shi kaɗai ta haifa. Kunyar ɗan fari ta hana ta kiran sunansa, balle ta ce masa kada ya tafi. "Wancan" take ce masa.

"Ku matso, 'yan nema, ga ta nan tafe," in ji ta, da murya sama da yadda ta saba.

Wai a wani tsibiri can tsakiyar teku akwai kurciya, girmanta ya kai kaza. Babu kyanwa a can, babu maharbi, don haka ba ta san tsoro ba. Ƙwai ɗaya tak take yi. Rannan ɗanta ya hango jirgi, ya ce zai je kallon mutane. Uwar ta so ta hana shi, amma bakinta ba ya iya komai sai kuu, kuu. Ya sauka kan reshe dab da su. Hannu kawai suka miƙa.

"Dada, sai me?"

"Sai me kuwa? Miya suka yi."

Keken Baba ya tsaya cak. Can kuma ya ci gaba.

Na ji haushi ƙwarai. "Wannan ai ba tatsuniya ba ce!"

"Ci masararka, mijin banza."

Baba ya tafi ta kwalekwale. Har Dada ta rasu ba mu ji ko labarinsa ba.

Sai da na girma na ji ashe akwai tsuntsuwar da gaske, a tsibiran da ke can cikin teku, kuma ta kusa ƙarewa. Na daɗe ina jin zafin Dada, ina cewa da ta buɗe baki da mahaifina na nan. Bana ɗana ya fara maganar ƙetare teku. Na zaunar da shi, na kira sunansa, na ce masa ƙarara kada ya tafi, har da hawayena. Ya saurare ni cikin ladabi har na gama, sannan ya tambaye ni ko zan ara masa babbar jakata.