Tumaki Huɗu a Tsakanin Dashen Mangwaro

Daminar da na bar aikin koyarwa a Karaye ita ce ta farko da na samu sukunin duba filin da mahaifina ya bar mini a Kwanyawa. Bai kai a kira shi gona ba. Ɗan fili ne a bayan gari da shingen ƙaya, na dasa mangwaro goma sha biyu da gwaiba uku a ciki. Ban shuka komai a tsakaninsu ba, sai ciyawa ta samu wuri. Kafin damina ta yi nisa ta kawo mini ƙugu. Na yi kwana biyu da lauje a hannu, a na uku bayana ya ƙi miƙewa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tsufa a noman gyaɗa, ya ce in yi feshi kawai in huta. Na ji tsoron maganin ya taɓa dashen. Matata ce ta kawo wata shawarar.

"Malam, ga tumakinmu huɗu kullum ana neman abin zuba musu, ga ciyawa can ta rasa mai ci. Me zai hana ka haɗa su?"

Washegari na kora su zuwa filin. Suka tsaya a bakin shinge suna tsintar gajeriyar ciyawar hanya, ko kallon doguwar ba su yi ba. Da na tura su ciki, babbar cikinsu ta nufi gwaiba ta kama cin ganye. Har azahar ina bin su ina kora.

Akwai wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke gab da shingen. Ya daɗe yana kallona kafin ya ƙaraso. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da ruwa, sannan ya ce, "Malam, tunkiya ba ta shiga ciyawar da ta fi ta tsayi. Sai shanu sun fara sauke mata ita."

Ya ce zai shigo da shanu biyar. Da na gaya wa Kawu sai ya ajiye fartanyar da yake gyarawa.

"Shanu a cikin dashe? Kai da ka yi boko?"

A gaban Kawu na ga gaskiyar Kawu, a gaban dattijon na ga tasa. Daga ƙarshe na kewaye kowane dashe da ƙaya, na buɗe wa shanu. Kwana uku suka yi. Abin da suka tattake ya fi abin da suka ci, suka kuma karya mini mangwaro ɗaya. Dattijon ya zagaya filin, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya yi." Na dubi kwantacciyar ciyawa da kashin shanu ko'ina, na rasa abin da ya yi ɗin.

Sai aka koma kan tumaki. Dattijon ya ce in riƙa ɗaure su a turke, ina matsar da shi kullum, kuma kada in kawo su sai raɓa ta bushe, don cikinsu kan kumbura. Kawu ya ce shi tun tasowarsa da sassafe ake fitar da dabba. Na zaɓi hantsi, kowannensu ya ce na yi kuskure.

Wata rana dattijon ya tarar na bar su wuri guda har ƙasa ta fito.

"Malam, ka matsar da su tun kafin su cinye."

"Baffa, ai so nake ta ƙare."

"In ta ƙare, me za su ci in ka zagayo?"

"Ni fa ba kiwo na zo yi ba. Ciyawar nake son kashewa."

Ya dube ni, ya faɗi wani abu da Fillanci a ƙasan murya, ya cire turken da kansa ya kafa shi gaba. Na tsaya da guduma a hannu ina tunanin ko tumakin ke yi wa filin aiki, ko filin ke yi musu.

Bayan 'yan makonni ciyawa ta kwanta kamar tabarma. Amma duk inda kashin shanu ya faɗi ta fito shar, tumakin suka ƙi taɓa ta. Tafasa kuwa, da ba sa ci, ta mamaye gefen gabas gaba ɗaya. Kawu ya zo ya gani, ya ce na kori ciyawa na gayyato tafasa. Matan maƙwabta suka fara aiko da sallama suna neman izinin tsinkar ganyen don kwaɗo. Wata tsohuwa ma ta yi ta sa mini albarka, a zatonta shuka ta na yi. Ban gyara mata ba.

Da kaka dashen suka fitar da jajayen sabbin ganye, tumakin suka yi ƙiba. Matata ta ce shawararta ce ta yi aiki. Kawu ya ce ruwa ne ya yi kyau a shekarar. Na so in ji ta bakin dattijon, sai na tarar ya tashi da shanunsa ya yi wajen Rogo.

Sai da wata daminar ta kama muka haɗu a kasuwar Karaye. Bayan gaisuwa na ɗauka zai tambayi mangwaron.

"Malam, yaya ciyawar?"

"Tana nan, Baffa. Ta dawo, har ta fi ta bara."

"Madalla," in ji shi.

Ni ma na ce madalla. Ya shige cikin masu sayar da gishiri da kanwa, ni kuma na je neman sabuwar igiya.