Nura Yana Ɓare Min Idon Kyamara

Bilki, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu raina a ɓace yake.

Kin san aikin digirina: ɗan farantin nan da bai kai farce girma ba, wanda aka jera wa siraran shimfiɗu hawa-hawa. Shi ne idon kyamara mai ganin zafin jiki ko a cikin duhu. Ko ƙura ba a yarda ta taɓa shi ba.

To, wai na shiga ɗakin gwajinmu, sai na tarar ya koma mahauta. Jini a ƙasa, ƙudaje ko'ina, injinanmu rataye a ƙugiya. Nura, wanda muke raba tebur da shi, yana zaune kan turmi, ba ko safar hannu. Farantina ne a hannunsa. Yana sa farce yana ɓare shimfiɗun kamar albasa, yana jefa wa kaji.

Na ce, "Malam Nura, wa ya ba ka?" Bai ko ɗago ba.

Sai kawai ga mu a zauren kare digiri. An haɗa abin da ya rage na farantin a kyamara, an haska bango. Malamai duk sun fito jajaye, ba ido ba baki. Kujerar Nura kuwa baƙa ƙirin, alhali ga shi zaune a kai yana cin gyaɗa. Na ce, "Ku duba, mutumin nan ba ɗumi a jikinsa!" Ba wanda ya waiga.

Sai aka juyo kyamarar kaina. Na fito fara fat, alamar na fi kowa zafi. Wata murya daga lasifika ta ce, "Ita ke ƙona mana kaya. A sanyaya ta." Mutum biyu suka danne ni. Nura ya ɗauko tulun ruwan nan mai hayaƙi da muke sanyaya na'ura da shi, ya fara tuttula min daga ƙafa, yana wannan murmushin nasa na ladabin ƙarya. Na tofa masa yawu, yawun ya daskare kafin ya isa.

Na farka ƙafafuna kamar ƙanƙara, haƙorana na haɗuwa.

Jibi zan tafi Gusau bikin ƙanwata, kuma Furofesa ya ce in bar wa Nura makullin akwatin da farantin yake ciki. Wallahi bai taɓa yi min komai a fili ba, amma jinina bai taɓa haɗuwa da nasa ba. Bilki, gargaɗi ne wannan, ko ƙiyayyata ce ta biyo ni cikin barci? In ba shi makullin?