Ashanar Inna da Bindigar Baba

Shekarar da fari ya kori zabbin daji daga Urafane, iyaka kuma tana rufe a zamanin soja, 'yar hular ƙarfen da ke tayar da albarushi a bindigar Baba ta ɓace daga kasuwa. Sai ya koma kankare kan ashana yana sawa a madadinta. Ba kowace ashana ba kuwa. Ya ce mai jan kai ta fi zafi, mai baƙin kai raguwa ce. Kaf gidanmu Inna kaɗai ke da mai jan kai.

Wata rana da hantsi ya dawo da zabo guda, ramamme, yana taƙama kamar ya kashe zaki. Inna ta fige zabon, ta jawo kwalin ashanarta. Tsinken farko ba kai. Ta zazzage kwalin, duk an yi musu aski.

Ta ce, "Malam, da bindigar taka zan kunna murhu?"

Ta miƙa masa fasasshen kasko. Haka Baba, da gemunsa, ya tafi ɗibar wuta a maƙwabta. Ya dawo da garwashi, maƙwabta uku na biye da shi.

Da aka yi rabo, ƙafa ɗaya ce ta kai ga maharbin.